Mastas a Waje ko Koyon Harshe: Lissafin da Ya Kamata Ɗan Sakkwato Ya Yi Kafin Ya Ɗaura Niyya

Duk mai zama da matasan da suka gama jami'a a Sakkwato ya san wannan muhawara. An yi bautar ƙasa an dawo, an shekara biyu ko uku ana koyarwa a makarantar kuɗi ko ana jiran aikin da wani babba ya yi alkawari, sai tunanin fita waje ya fara ɗarsuwa. Daga nan majalisa kan rabu gida biyu, ko a Mabera ake zaune ko a Runjin Sambo. Wasu su ce a nemi gurbin digiri na biyu a Ingila ko Kanada, in an shiga an shiga ke nan. Wasu su ce wannan hanya ta yi tsada, gara mutum ya duƙufa ya koyi Faransanci ko Jamusanci, harshen ya buɗe masa ƙofa. Sai ka ji wani ya katse da cewa, "To ku dai mi kuka gani? Ni Baba ya ce in na tabbata, shina iya sai da gonar fadama."

Wannan gonar fadamar ce ta sa maganar ta wuce hira. Fita neman arziki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun kafa zango a Kumasi, kuma zuriyar waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan shigowar Turawa a 1903 suna nan a garin Mai Wurno na Sudan har yau. Ci-rani kuwa kowane ƙauye ya san shi. Abin da ya sauya shi ne yanzu tafiyar ta takarda ce, kuma takardar tana da sharuɗɗan da ake sauyawa kusan kowace shekara.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, daga mastas ɗin, wato digiri na biyu, har harshen babu wanda yake izinin zama. Mastas yana shigar da mutum ƙasar da wuri, amma sai ya zube kuɗi tukuna, sannan a ba shi ɗan wa'adi ya nemi aikin da zai riƙe shi. Harshe kuwa ana biyansa da lokaci da haƙuri, mutum yana gida, kuma ba ya aiki shi kaɗai sai an jingina shi da sana'a ko takardar ilimi. Bambancin da ya fi damuna shi ne halin da kowace hanya ke barin mutum in ba ta ɓulle ba.

Mu fara da Ingila, don can hankalin yawancin matasanmu ya fi karkata, saboda Turanci da kuma mastas na shekara ɗaya. A watan Yulin 2021 Birtaniya ta buɗe tsarin Graduate Route, wanda ke ba ɗalibi damar zama shekara 2 bayan kammala karatu yana aiki, shekara 3 ga mai digirin digirgir. A lokacin ana barin ɗalibin mastas ya tafi da mata da 'ya'ya, matar ma ta yi aiki cikakke. Wannan ne ya jawo tururuwar 'yan Nijeriya a 2022 da 2023, kuma labaran nasarar da ake ba matasa a yau yawancinsu na wancan zamanin ne.

Zamanin ya wuce. Daga Janairun 2024 an hana ɗaliban mastas na aji tafiya da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A Afrilun shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake bukata kafin a ba mutum bizar ƙwararren ma'aikaci daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, sannan a Yulin 2025 aka kai shi fam 41,700. Akwai rangwame ga sabon mai digiri, fam 33,400, amma shi ma ba kowane kamfani ke biyan ɗan koyo haka ba, kuma dole kamfanin ya kasance yana da lasisin ɗaukar baƙi. A wannan Yulin ne dai aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, aikin da da yawa suka fake da shi. Gwamnatin ta kuma sanar da rage wa'adin bayan karatu daga shekara 2 zuwa wata 18 daga farkon 2027. Wani abin da ba a cika faɗa ba: shekarun da mutum ya yi a matsayin ɗalibi da na Graduate Route ba sa shiga lissafin shekaru 5 na neman zaman dindindin ta hanyar aiki. Sai ranar da ya samu bizar aiki ake fara ƙirge.

Sai kuɗi. Mastas mai rangwame a jami'ar da ba ta Landan ba yakan tashi fam 15,000 zuwa sama. Dole ɗalibi ya nuna kuɗin abinci da makwanci na wata 9, sama da fam 10,000, kuma su kwana 28 a asusu ba a taɓa su ba. Ga kuɗin inshorar lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin biza, ga jarrabawar Turanci, ga tikitin jirgi. In aka tattara, da wuya a tsira ƙasa da fam 27,000. A canjin 2025, lokacin da fam ɗaya ke kai-komo a wajen naira 2,000, maganar sama da naira miliyan 50 ake yi. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi kusan shekara 60 bai ci ko kwabo ba kafin ya tara su.

Wasu kan ce a biya rabi, sauran a yi aiki a can a cika. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, abin da da ƙyar yake biyan haya da abinci. Kuma mun ga abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗaliban da suka bar ragowar kuɗin makarantarsu a naira suka wayi gari kuɗin sun zama kashi ɗaya cikin uku. A 2024 an ba da labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗi a kan lokaci. Waɗannan ba malalata ba ne, canji ne ya juya musu baya.

Kanada ma ta tsuke ƙofar ɗalibai. A Janairun 2024 ta ƙayyade yawan takardun izinin karatu da za ta riƙa bayarwa, ta kuma ninka kuɗin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. Abin da ya rage mai kyau shi ne mai mastas yana iya samun izinin aiki na shekara 3 bayan kammalawa. Amurka kuwa, ko an gama karatu an yi aikin gwaji na shekara ɗaya, ko uku ga masu kimiyya da fasaha, bizar aiki ta H-1B ƙuri'a ake jefawa, kuma tun 2025 aka ƙara matsa wa 'yan Nijeriya a sha'anin biza.

Duk wannan lissafi na mai biya daga aljihunsa ne. Wanda ya samu tallafin karatu cikakke, irin Chevening ko Commonwealth ko DAAD ko Erasmus Mundus, maganarsa daban ce, kuma ni ban ga dalilin da zai sa ya tsaya shawara ba. Sai dai ya sani wasu tallafin ba don ƙaura aka yi su ba. Chevening ta shardanta mutum ya koma ƙasarsa ya zauna aƙalla shekara 2. Malamin jami'a da hukumarsa ta tura shi akwai yarjejeniyar dawowa a wuyansa, kuma yawan waɗanda ba su dawo ba yana cikin dalilan da TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantu, ta bayar lokacin da ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025. Alkawari kaya ne. Wanda ya karɓi dukiyar jama'a a kan zai dawo sannan ya maƙale, ya toshe wa na bayansa hanya.

Yanzu harshe. A nan ne nake ganin matasanmu ba su yi wa kansu adalci wajen bincike ba, ko dai su raina hanyar, ko su ɗauke ta kamar ana tashi da ita a wata uku.

Kanada tana da tsarin Express Entry, inda ake ba mai neman zaman dindindin maki bisa shekarunsa da iliminsa da gogewar aiki da harshe, jimilla 1,200. Lokaci-lokaci a gayyaci waɗanda suka fi maki. A 2023 aka fara ware gayyata ta musamman ga wasu rukunai, ciki har da masu jin Faransanci, domin gwamnatin tarayya na son ƙara yawan masu harshen a lardunan da ba Kebek ba, inda dama Faransanci ake yi. Ta sa wa kanta burin kashi 8.5 cikin 100 na sababbin mazauna a 2025, da niyyar ci gaba da ɗagawa. Sakamakon a bayyane yake a alƙaluma: a cikin 2025 makin da ake yankewa ga masu Faransanci ya sha sauka ƙasa da 450, har ya taɓa yin ƙasa da 400, alhali na waɗanda suka riga suka yi aiki a cikin Kanada bai sauko ƙasa da 500 ba. Ma'ana, akwai wanda ya kashe miliyoyi ya yi karatu a Toronto yana aiki a can bai samu gayyata ba, wani kuma yana zaune a Yawunde ko Abijan ya samu. Wanda aka gayyata ta wannan hanya da takardar zaman dindindin yake sauka, shi da matarsa da 'ya'yansa. Ga ɗan Sakkwato da sau da yawa ya riga ya yi aure kafin ya kai shekara 30, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sharaɗin shi ne a ci jarrabawar Faransanci ta TEF Canada ko TCF Canada a mataki na 7 na ma'aunin Kanada, a dukkan fannoni huɗu: ji, magana, karatu da rubutu. Wannan ya yi daidai da abin da Turai ke kira B2, a ma'aunin da ya taso daga A1 zuwa C2. In mutum ya ci uku ya faɗi ɗaya, bai cika ba. Sakamakon shekara 2 yake yi ya mutu. Bayan haka sai an tantance digirinsa, sai yana da aƙalla shekara ɗaya ta aikin ƙwarewa da ake biyansa albashi kuma zai iya kawo shaida, sai ya nuna kuɗin fara zama, wajen dalar Kanada 15,000 ga mutum ɗaya. Kuɗin nan nasa ne, ba makaranta zai miƙa wa ba.

Jamus hanyarta daban. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin rajista na zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a zango daga baƙi. Abin da ake bukata shi ne a ajiye yuro 11,904 a wani asusu da ake kullewa, ana sakar wa ɗalibi kaɗan-kaɗan duk wata, kimanin naira miliyan 20 ke nan a canjin 2025. Bayan kammalawa ana ba da wata 18 na neman aiki. Akwai mastas da yawa da Turanci, amma waɗanda suka je sun san neman aiki ba Jamusanci wahala ce, in ba a wasu ayyukan kwamfuta ba. Sannan ga tsarin koyon sana'a da suke kira Ausbildung, inda mutum ke raba lokacinsa tsakanin makaranta da wurin aiki, galibi shekara 3, ana biyansa. Ɗan koyon jinya yakan karɓi sama da yuro 1,000 a wata tun shekarar farko. Ana bukatar Jamusanci matakin B1 don biza, B2 don aikin jinya, kuma sai wani asibiti ko kamfani ya ba mutum kwantiragi tukuna. Tun 2024 dokar Jamus ta yarda a nemi zama ɗan ƙasa bayan shekara 5 ba tare da an ajiye fasfon Nijeriya ba.

Idan aka lura za a ga harshen yana sauya farashin mastas ɗin kansa. Mai Faransanci yana iya yin mastas a jami'ar gwamnati a Faransa da kuɗin da bai wuce wajen yuro 4,000 a shekara ba. Mai Jamusanci yana da zaɓin darussa ninkin na wanda Turanci kaɗai ya iya. Don haka masu cewa ko wannan ko wancan sun taƙaita tambayar.

To nawa ne farashin harshen? Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da Faransanci, Jamusanci kuma wajen awa 900. Waɗannan mutane ne da ba su da wani aiki sai karatun, da ƙwararrun malamai a kansu. Wanda ke koyarwa da safe, ya je kasuwa da yamma, ya samu awa biyu a rana in an kawo wuta, ya sa ran shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Manhajar waya irin Duolingo tana taimakawa a farkon tafiya, amma ba ta kai mutum inda zai zauna gaban mai jarrabawa ya kare ra'ayinsa na mintoci, ko ya rubuta wasiƙar ƙorafi ba kuskure. Yawancin masu farawa a tsakanin A2 da B1 suke sarewa, lokacin da zumuɗi ya ƙare kuma nahawu ya yi nauyi.

Mu a Sakkwato muna da wata dama da ɗan Legas ba shi da ita. Illela tafiyar ƙasa da awa biyu ce, daga ita sai Birnin Ƙonni. Akwai 'yan Nijar da suka yi karatun boko da Faransanci tun daga firamare suna zaune a cikinmu, wasu ɗalibai, wasu 'yan kasuwa, wasu ma dangi ne. Ana koyar da Faransanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Samun malami da abokin hira a nan ya fi sauƙi da araha. Amma akwai tarko: ɗan Ƙonni ko Tawa da zarar ya gane kai Bahaushe ne, Hausa zai yi maka, kai ma ita za ta fi maka daɗi. Ko gwamnatin Nijar a 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa ta mayar da Faransanci harshen aiki. Sai an yi yarjejeniya da malami cewa awa ɗayan nan ba Hausa ko kalma guda. Kuma Faransancin tasha da na kasuwa ba shi ake tambaya a jarrabawa ba. A ƙarshe dole a nemi tsararren darasi, irin na cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française da ke da reshe a Kano, a kuma yi tanadin kuɗin tafiya da masauki don zana jarrabawar, wadda sau da yawa sai an maimaita. Jamusanci ya fi wuya ta wannan fuska, tunda cibiyar Goethe mai koyar da shi a Legas take, yawancin karatun sai ta intanet.

A tuna kuma da waɗanda ake takara da su a hanyar Kanada: 'yan Kamaru da Kodebuwa da Maroko da Aljeriya, waɗanda da harshen suka tashi. Ga shi tsarin siyasa ce ta kawo shi, wata gwamnati tana iya rage shi kafin mutum ya kai B2. Maki na shekaru ma yana raguwa daga shekara 30, ya ƙare gaba ɗaya a 45. Mai shekara 34 da zai fara daga baƙaƙen farko ya sa wannan a lissafi.

Dole a taɓo Larabci, don shi ne harshen da Sakkwato ta fi kowa jari a cikinsa. Yana buɗe gurbin karatu kyauta a Madina da Azhar, yana taimaka wa likita ko ma'aikaciyar jinya da ta samu aiki a Saudiyya. Sai dai ƙasashen Larabawa na yankin Gulf aiki suke bayarwa. Iƙama tana rataye da mai ɗaukar aiki, in kwantiragi ya ƙare sai shirin komawa, kuma ɗan da aka haifa a can bai zama ɗan ƙasa ba. Ga mai niyyar ya tara abin da ya tara ya dawo ya gina gida a Arkilla, wannan ya wadatar, har ma ya fi kwanciyar hankali ta fuskar addini da tarbiyyar yara. Ga mai neman wurin zama na har abada, ba nan ba ne.

Kowace hanya aka ɗauka, ejan na jira a bakinta. Mai cewa zai ba da aron kuɗi a asusu na kwana 28, mai sayar da takardar ɗaukar aiki, mai alkawarin sakamakon jarrabawa ba tare da an zauna ba. In aka kama takardar bogi, Birtaniya na iya haramta wa mutum shiga har shekara 10, Kanada shekara 5, kuma sunan mai neman bizar ne ke ɓaci, ejan ya riga ya karɓi nasa. Dukkan sharuɗɗan nan suna rubuce a shafukan gwamnatocin ƙasashen kyauta, kuma tunda adadin kuɗin na sauyawa, can ya kamata a duba a ranar da za a yanke shawara.

Ra'ayina a fili yake. Kada a sayar da gona ko gidan gado don mastas na shekara ɗaya a Ingila, musamman a fannin da ba a rasa masu shi a can ba, irin su harkar gudanarwa da hulɗar ƙasa da ƙasa. In abin bai yiwu ba, yaro zai dawo da digiri, iyali kuma ba gona, ga ƙanne mata da ba a aurar ba. Wanda ya shekara biyu yana koyon Faransanci bai samu gayyata ba, ya yi asarar lokaci da wasu dubban ɗaruruwa, amma yana gidansu, da aikinsa, da harshen da ƙungiyoyin agaji da hukumomin ECOWAS da 'yan kasuwar kan iyaka ke biyan kuɗi a kansa.

Wanda gidansu ke da halin biya ba tare da an taɓa jari ba, kuma fanninsa injiniyanci ne ko kwamfuta ko kimiyyar lafiya, mastas hanya ce mai kyau, ya fi kyau ma ya duba Jamus kafin Ingila. Mai digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba ya ba neman tallafi shekara guda cur, yana koyon harshe a gefe, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatan jinya da ungozoma da suka fito daga makarantun jinya na jihar nan ko asibitin koyarwa ba su bukatar mastas sam. Abin da ke gabansu jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET ce da ta lasisin aiki in Ingila suka nufa, ko Jamusanci matakin B2 in Jamus ce. Mai iyali da shekarunsa ba su kai 30 ba, yana da digiri da aikin da zai iya kawo takardar albashinsa, ya nemi malamin Faransanci a wannan watan, ya kuma roƙi wurin aikinsa su riƙa biyansa ta banki, don ranar da za a nemi shaida ba a karɓar albashin hannu.